In Mun Gama Tasha

Kwana arba'in aka ce Mama Hannatu za ta yi a Doha. Shekara uku ta yi.

Ni sunana Juliet, nas ce, kuma ina hayar ɗaki ɗaya a cikin gidan da abin ya faru, a unguwar Muntazah, hawa na huɗu. Don haka ba labari aka ba ni ba. Ina wurin, har ma da hannuna a ciki, zan zo kan wannan.

Masu gidan su ne Elnathan da matarsa Dorkas. Da ni da Dorkas asibiti ɗaya muke aiki. Shi kuwa Elnathan aikinsa haɗa esi, na'urar sanyaya ɗaki, kuma kamfaninsu ya samu kwangila a tsohuwar tashar jiragen ruwa, wurin da a da babu komai sai manyan ɗakunan ajiye kaya da tsatsa da warin baƙin mai. Aka ce za a mayar da wurin sabuwar unguwa kafin Kofin Duniya: gidaje masu fenti kala-kala, wuraren shan shayi, kasuwar kifi, da hanyar yawo a bakin ruwa. Tun ranar da ya fara zuwa can, ko gaisuwa ka yi da Elnathan sai tasha ta shigo ciki.

Dorkas ta haihu a watan Fabrairun shekarar korona, 'ya mace, aka sa mata Jael. Da yake Dorkas ba ta da uwa, sai aka ɗauko uwar miji daga Kafanchan ta zo ta yi mata wankan jego. Mama ta sauka da jaka biyu, ɗaya ta kayan sawa, ɗaya ta gero da kanwa da daddawa da kuka. Ta baro mijinta Baba Auta, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, a hannun ƙaramin ɗansu Hananiya.

"Mutumin da ko ruwan zafi bai iya ɗora wa kansa ba," in ji ta. "Na ce masa ya daure, kafin a fara sharar gona na dawo."

Aiki kam ta iya. Safe da yamma ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta aike ni in tsinko mata ganyen darbejiya a bakin titi, ta shiga bayi da Dorkas, mu kuma a falo mu yi ta jin ihu. Ta dama kunun kanwa, ta gasa wa jaririya cibiya, ta yi wanki. Cikin mako uku Dorkas ta yi ƙiba har zobenta ya ƙi fita.

A wurinmu wadda ta zo jego ba ita ke cewa za ta tafi ba, sallamarta ake yi. Ranar da arba'in ya cika masu gida su kawo mata turmin zane da sabulu, su yi godiya, su ce ta gaida gida. Kafin wannan rana, in ta buɗe baki ta ce tana so ta koma, kamar ta ce ta gaji da jikarta ne. Dorkas ta san haka sarai. Tun a mako na biyu ta je kasuwa ta sayo atamfa shuɗiya mai furanni ruwan ɗorawa, ta ɗora ta a kan kabad ɗin falo cikin ledarta. Mama ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba, yadda ya kamata.

Saura kwana shida arba'in ya cika aka rufe filayen jirgi.

Wannan ba laifin kowa ba ne, gaskiya ɗaya ce. Hutun haihuwar Dorkas na ƙarewa aka jefa mu dutin awa goma sha biyu, fuska a ɗaure, mu dawo gida ko magana ba ma iyawa. Wuraren renon yara duk a rufe. Ba don Mama ba, ban san yadda gidan zai yi ba. Matsalar ita ce, da aka buɗe hanya ma har yanzu ba su san yadda gidan zai yi ba.

Wata Juma'a muna cin abincin rana, Mama ta ce, kamar da tukunya take magana, "An ce a gida har an fara cin sabuwar masara."

Elnathan ya gane. Ya ajiye cokali.

"Mama, kin san yadda tafiya ta koma yanzu? Gwaji a nan, gwaji a can, a tsare mutum a otel. In kika kamu a hanya fa, da shekarunki? Ki bari abin ya lafa. Ga aiki ya ɗau zafi. In mun gama tasha, ni da kaina zan kai ki har ƙofar gida."

"Yaushe za ku gama?"

"An kusa. Har an rushe ɗakunan ajiyar."

Rushewa fa! Ko bulo ɗaya ba a ɗora ba tukuna. Mama ta ce to, Allah ya taimaka, ta tattara kwanuka.

Bizarta ta ziyara ce. Aka yi ta sabuntawa, aka yi ta sabuntawa, har aka daina sabuntawa. Elnathan ya ce ya kai fasfo ɗinta wurin wani mutum da ya san kan abin. Wannan mutumin, shekara biyu ana ambatonsa a gidan, ban taɓa jin sunansa ba. A lokacin kuma ko shagon bakin titi ba ka shiga sai ka nuna wayarka ta yi kore, alamar ba ka da ciwon. Wayar Mama ƙaramar rakani-kashi ce mai layin Najeriya, tun da ta sauka ba ta yi amfanin komai ba sai tocila. Saboda haka Mama ba ta fita. Coci ma a talabijin take yi.

Ranarta guda ce, ana ta maimaita ta. Ta tashi ta yi addu'a, ta dama koko, ta yi wa Jael wanka, ta share, ta goge, ta ɗora na rana. In yarinya ta yi barci sai ta ja kujera ta zauna a bakin tagar kicin. Tagar ba ta kallon komai sai bangon gidan maƙwabta da bayan esi-esinsu suna ɗiga. Har ta san kukan kowanne, takan ce na hawa na uku yau ba shi da lafiya. Gwiwoyinta suka fara kumbura saboda rashin tafiya. Dorkas ta kawo mata man shafawa daga asibiti. Idonta ya fara hazo, Dorkas ta kawo mata na ɗigawa. Duk abin da ake kawowa a leda an kawo mata, wannan zan shaide su.

Wata rana ina guga ta ce, "Juliet, da gaske akwai teku a garin nan?"

"Akwai, Mama. Minti goma a mota."

"Babansu ya ce in kallo masa. Shi jirgin ƙasa ya sani, bai taɓa ganin na ruwa ba. Ya ce in duba ko yana da taya a ƙasa." Ta yi dariya. "Tsohon nan ba ya rabo da shirme."

A damina ta biyu Hananiya ya bugo ya ce Baba ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka haɗa su ta waya mai hoto. Bakinsa ya karkace, magana ba ta fita, sai ido yake bin ta da shi. Mama ta tsaya da wayar a hannu tana cewa, "Ni ce. Ni ce fa." Da layin ya yanke, sai ta yi abin da ba a yi. Ta je gaban ɗan da ta haifa ta roƙe shi.

"Elnathan, ka sallame ni."

Ya yi kuka, kar a ce bai yi ba. Da ya gama ya share hanci ya yi mata bayani. Takardarta ta mutu. In ta je filin jirgi a haka za a tsare ta, a kira shi, a kira kafil ɗinsa, wanda ya tsaya masa ya zauna a ƙasar, aikin tasha ya tafi, to wa zai riƙa sayen maganin Baba? Dorkas ta ɗora da nata: "Mama, ni nas ce. Irin wannan ciwon magani yake so da gashi, ba taro ba. Mun riga mun sa a sayo masa keken guragu, mai kyau."

"Keke zai ba shi abinci a baki?"

"Hananiya yana nan ai."

"Hananiya," in ji Mama.

Bayan 'yan watanni hukuma ta ba da lokacin afuwa, aka ce duk wanda takardarsa ta mutu ya zo ya gyara ko ya tafi gida. Na kawo maganar a gaban kowa, da gangan. Elnathan ya harare ni, ya ce wannan na leburori ne, kuma layin da ake yi a can gwiwar Mama ba za ta ɗauka ba. Gwiwar da take tsayuwar wanke-wanke da ita ke nan. Ya ce a dai ƙara haƙuri, yanzu har an fara fenti.

Da yake Baba ba ya iya amsawa, kuma layi yana yawan yankewa, sai aka koma saƙon murya. Kowace Lahadi bayan an tashi cocin talabijin, Elnathan ya danna wayarsa ya riƙe, Mama ta gyara ɗankwali kamar zai gan ta, ta yi magana. Hananiya ya kunna masa a kunne, ya aiko da rahoto: ya ji, ya motsa hannu. Wani lokaci ya ɗauko mata numfashinsa ya turo. Mama takan sa a kunna mata wannan numfashin sau biyar.

Abin da take gaya masa ba wani abu ba ne. Jael ta yi haƙori. A garin nan ruwan famfo da zafinsa yake fitowa, ba sai an hura wuta ba. Kada ya yarda matar Hananiya ta ba shi tuwo mai tauri. Ta kusa dawowa, yaron ya ce sun kusa gama tasha.

Baba Auta ya rasu ranar wata Talata cikin watan Agusta, saura wata uku a fara wasan Kofin Duniya.

Elnathan ya kira ni da Dorkas ƙasan bene, inda ake ajiye motoci, da la'asar, zafi kamar a bakin murhu. Ya gaya mana. Muka yi kuka mu uku a jingine da motar wani. Sannan ya ce kada wanda ya gaya wa Mama.

Na ce, "Ban ji ba."

"A al'adarmu ba a faɗa wa tsohuwa mutuwar miji haka kawai a tsaye. Sai dattawa sun zauna da ita. Kin sani."

"Ga fasto nan a garin."

"Fasto ba dangi ba ne."

"Tana da hawan jini," in ji Dorkas. "In ta faɗi a nan, da wace takarda za mu kai ta asibiti? Kuma ko an gaya mata, ba za ta riski jana'iza ba. Me za ta ƙaru da shi in ba baƙin ciki ba?" Ta dafa cikinta, wata biyar ne a lokacin. "An soke mana hutu duka sai bayan wasa, kin sani, ke ma an soke miki. Wata huɗu kawai, Juliet. Ana gama wasa, na sauka lafiya, khalas, shi ke nan, mu kai ta gida dattawa su gaya mata yadda ya dace."

Na ce musu wannan mugunta ce, kuma da sunanta na kira ta. Na ce al'adar da suke magana kwana biyu ake yi, kafin a tara mutane, ba wata huɗu ba. Na faɗi maganganu masu nauyi, na ji daɗin kaina sosai. Daga nan na hau sama na ci tuwon da Mama ta tuƙa, na ce mata miya ta yi daɗi.

Dalilina? A lokacin masu gidaje korar 'yan haya suke yi don su saka baƙin wasa. Wanda ya rasa ɗaki a Doha a wannan watan, sai dai ya kwana a asibiti. Ɗakina a hannun Elnathan yake. Iyakar dalilina ke nan, ba ni da wani mai kyau.

Ranar jana'iza Elnathan ya kalla a waya, a wurin aiki, yana zaune a ƙasa cikin wani gida mai fenti ruwan hoda da ba a sa wa ƙofa ba tukuna. Ya dawo ido jajir. Mama ta tambaya, ya ce ƙurar siminti ce. Ta dafa ruwa ta sa gishiri kaɗan, ta zaunar da shi ta wanke masa idon da hannunta, tana faɗa wai kamfani ba ya ba su tabarau.

Aka tsara komai da kyau. Duk ɗan cocin da zai shigo gidan sai an tare shi a bakin lif ɗin hawa bene an ja masa kunne. Hananiya ya ce shi ba zai iya wannan ƙarya ba, sai aka ce wa Mama kyamarar wayarsa ta fashe, muryarsa ma ba ta fita. Lahadi kuma ba ta fasa zuwa ba. Elnathan ya danna ya riƙe, Mama ta gyara ɗankwali ta yi magana. Bayan awa ɗaya ya leƙo kicin ya ce, "Ya ji, ya motsa hannu."

"Numfashin fa? An daina turowa."

"Layi ne, Mama."

Ta fara ramewa. Abinci sai ta juya shi a kwano ta rufe. Wata safiya na same ta a bakin taga ta ce mini jikinta yana ba ta wani abu, ba ta san ko mene ne ba. Na auna mata jini, na ce lafiya lau, ta rage gishiri.

Wata Lahadi cikin Nuwamba duk su biyun suna aiki. Mama ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da ɗankwalinta a gyare. "'Yata, ki riƙe mini yau. Kya tura wa yayanki ya tura."

Na danna na riƙe. Minti huɗu.

"Baban yara, ni ce. Ka kwana lafiya? Na san sanyi ya fara a can. Ka sa Hananiya ya fito maka da rigar sanyin nan mai ruwan toka, tana ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwan coci. Ba zai gan ta ba sai ya ɗaga komai. Kada ka yi taurin kai ka ce ba ka jin sanyi, na san ka. Garin nan ya cika da baƙi, ana ta busa ƙaho, wai ƙwallo. Ni dai ina jinsu ta taga. Ka daure, saura kaɗan."

Na saki yatsa, na tura wa Elnathan. A wayarsa saƙon ya tsaya.

Ikon Allah, sai ga shi an gama tasha. A farkon Disamba Elnathan ya ce ranar Juma'a kowa ya shirya, za mu je mu ga aikin hannunsa, a ɗauki hoton iyali. An daina tambayar kore a waya, gari ya cika da baƙi, ba mai kallon tsohuwa ɗaya. Dorkas ta duba kayan Mama ta ga duk sun koɗe, ba za su shiga hoto ba. Ta hau kujera ta sauko da atamfar nan daga kan kabad, ta kaɗe ƙurar shekara uku, ta kai wa telan ƙasan bene.

Ita Dorkas hoto take tunani. Mama kuwa abu ɗaya ta sani game da wannan atamfar. Ta jawo ni kicin tana raɗa, fuskarta kamar ta amarya: "Juliet, kin ga sun sauko da shi?" A ranar ta haɗa jakarta, ta wanke silifas ɗinta, ta ƙulle ragowar kanwa ta ce in riƙe. Ina jinta tana waƙar coci a bayi. Na karɓi kanwar na ajiye, na riga na saba da ɓoye mata.

Wurin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Gidaje ruwan hoda, ruwan ɗorawa, shuɗi, kore, kamar an zubar da alewar yara. Ƙasa a shimfiɗe da duwatsu, Turawa da Larabawa da 'yan ƙasashen da ban san tutarsu ba suna ta ɗaukar hoto. Elnathan yana gaba yana nunawa: wannan ni na haɗa, wancan ma ni ne, a nan da can tarin ƙarafa ne. Mama tana baya a hannuna, tana taku ɗaya-ɗaya, don ƙafar ta manta da doguwar tafiya. Da muka zagaya wani gini sai ga ruwa, ga kuma wani jirgi da aka mayar otel ɗin baƙi, ya fi benenmu tsawo sau uku.

Ta tsaya cak. "Yesu! Wannan ai gari ne." Ta leƙa ƙasansa. "Babu taya. Elnathan, ba ni waya in gaya masa."

"Sai Lahadi, Mama. Ku matso a yi hoto."

A nan ne wani mai gadi da rigar aiki mai ƙyalli, wanda ke nuna wa jama'a hanya, ya ji Hausa ya waiwayo. Ya ƙura wa Mama ido, sai ya taho da sauri ya durƙusa a gabanta a kan duwatsun nan.

"Mama Hannatu? Ta gidan Baba Auta na bakin dogo? Ni ne Dikko, ɗan Malam Masahudu mai nama."

"Dikko! Kai ne ka zama ƙato haka? Ina babanka?"

An ja wa duk 'yan coci kunne. Babu wanda ya tuna cewa ba 'yan coci kaɗai ke Kafanchan ba. Kuma ɗan mutunci ba zai ga matar mamaci ya wuce ta da ina wuni ba. Dikko ya cire hula, ya sunkuyar da kai.

"Mama, ya haƙuri? Ashe Baba lokaci ya yi. Ina gida hutu a lokacin, da ni aka raka shi. Ya samu jama'a, har daga Kaduna tsofaffin 'yan jirgi suka zo. Na tambaya aka ce ba ki samu zuwa ba. Allah ya ba ki haƙuri."

"Amin, na gode," in ji Mama. Bakinta ne ya amsa, don ya saba.

"Yalla, mu je, rana na faɗuwa," in ji Elnathan.

Mama ba ta motsa ba. "Dikko, wane wata ka ce?"

Sai a lokacin ya ɗago ya kalli sabuwar atamfa mai furanni, ya kalli Elnathan, ya kalle ni. Na ga lokacin da ya gane. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Agusta, Mama."

Ta lanƙwasa yatsu. Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba. Ba ta faɗi ba, ba ta suma ba. Hawan jinin da aka yi wata huɗu ana tsoro bai ko motsa ba. Ta dubi zanen da ke jikinta ta shafa shi, sannan ta dube ni.

"Ke kika riƙe mini waya."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har yau kuma ba ta sake ni ba.

Elnathan ya fara: "Mama, ki tsaya ki ji, a al'ada sai dattawa…"

"Ba ni wayar."

"Mama, mutane na kallo."

"Ka danna ka riƙe, yadda ka saba."

Ya danna. Ta gyara ɗankwali, ta juya ta fuskanci ruwa.

"Baban yara, ni ce. Na ga tekun. Ba shi da ƙarshe, ruwa ne har inda ido ya tsaya. Jirgin ba shi da taya, na duba maka. Yaronka ya gama tasha, ta yi kyau, ya iya aiki. Sun ɗinka mini sabon zane, ina tsaye da shi yanzu, mai furanni. Ban sani ba, Auta. Da na sani da ban sa ba. Ka yi haƙuri na daɗe."

Ta ɗaga masa kai alamar ta gama. Ya saki yatsa.

"Ka tura," in ji ta.

Ba a yi hoto ba. Dikko ya raka mu har bakin mota yana ta ba da haƙuri, shi da bai yi laifin komai ba.

Bayan mako biyu Dorkas ta haihu, mace kuma. Mama ta sa baƙin zane ta yi mata wanka safe da yamma, ta dama kunun kanwa, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Ta ce jaririya ba ta yi mata komai ba. Magana dai ta daina, in ba da yaran ba. Ranar da arba'in ya cika ba ta jira sallamar kowa ba, ta jawo jakarta ta zauna a kanta a bakin ƙofa, ta ce daga nan sai filin jirgi. Sai ga fasfo ya fito. Ashe mutumin da ya san kan abin durowar gefen gadon Elnathan ce. Takardar da aka yi shekara biyu ana cewa ba ta gyaruwa, cikin mako ɗaya aka gama da ita. Atamfar kuma ta wanke ta, ta goge, ta mayar cikin ledarta ta ɗora a kan kabad.

Babu wanda ya daki Mama Hannatu a gidan nan. Babu wanda ya zage ta ko ya hana ta abinci. Kullum da ladabi ake mata magana, a durƙusa a gaishe ta da safe. In ka tambayi Elnathan yau zai ce maka don lafiyarta ya yi, kuma ya yarda da abin da yake faɗa. Har yanzu yana kai baƙi tasha ranar Juma'a, esi-esinsa suna sanyi yadda ake so. Wata biyu da tafiyar Mama, Dorkas ta tambaye ni ko uwata tana da fasfo. A wannan makon na bar gidan na koma garin Wakrah da zama.

Na daɗe ban iya kiran Mama ba. Ita ta kira ni, da wayar Hananiya, kyamara lafiya lau. Na fara ba ta haƙuri ta katse ni, ta tambayi Jael, ta tambaya ko ana yi wa ƙaramar tausa. Ta ce ta je kabarin, an yi masa siminti mai kyau, har ciyawa ta fito a gefe. Har za mu yi sallama ta ce, "Juliet, kin tuna rigar sanyin nan?"

Na ce na tuna.

"Tana nan a ƙasan akwatin. Babu wanda ya fito da ita."